Kwaɗo Ya Dawo da Jan Fenti

Gashuwa, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya tsare maka hanya daga nan zuwa Nguru, daga Nguru zuwa Legas ɗin da ka ƙwallafa rai a kanta, Ya raba ka da mugun direba da abokin tafiya mai zaƙin baki. Ƙanwarka Zara ce za ta cusa wannan takarda cikin jakarka. Na zaɓi rubutu ne saboda ni da kai mun kai inda ba ma iya ƙarasa zance. In na buɗe baki sai ka duƙa kan waya, in ka buɗe naka sai jinina ya hau. To takarda ba ta da hawan jini, ka daure ka karanta ta har ƙarshe.

Bari in maimaita maka abin da ka shirya, ko ka ji yadda yake sauka a kunnen wani. Za ka ba Alhaji Gambo mai hatsi na Nguru gonar fadamar da ta faɗo a kasonka cikin gadon mahaifiyarka, shi kuma ya ba ka wata tsohuwar motar Jamus mai ƙofa biyu da ke ajiye a sitonsa. Za ka ɗora ta a tirela ka kai Legas, inda wani mutum da ba ka taɓa gani ba sai a waya zai haɗa ka da Turawa masu tara irin waɗannan motoci. Gonar taka ce, shari'a ta ba ka, ba ni da ikon riƙe maka hannu. Da ina da shi, wallahi da na riƙe.

Ban ce ƙarya kake yi a kan darajar motocin ba. Ka nuna min hotunan gwanjonsu na gani, kuma na yarda akwai mutanen da suka ƙoshi har suke sayen tsohon ƙarfe da kuɗin da zai gina unguwa. Na kuma riƙe bayanin da ka yi mana a zaure, ni da mijin Zara. Ka ce abin da suke biya shi ne motar da hannu bai taɓa ba, fentinta na asali, kujerunta na asali, kuma lambar da ke jikin inji ta yi daidai da takardun motar. Ka ce in aka canza ko da ɗaya farashi ya karye, in aka canza inji kuwa sai dai a yi jaje. Daga nan ka miƙo min hoton motar Alhaji Gambo, ka ce: "Baba, duk wanda ya samu irin wannan motar ya lalata ta, ai asibitin mahaukata ya kamata a kai shi."

Ka ga na tashi na shiga gida, ka ɗauka rigimata ce ta tsufa. Kunya ce ta ɗaga ni, don ba zan tona kaina gaban suruki ba. Mahaukacin da kake neman a kai asibiti shi ne ya haife ka. Motar nan da ke siton Gambo tawa ce, ni na kawo ta yankin nan tun ba a haife ka ba, kuma babu abin da ka lissafa a zaure wanda ban yi mata ba.

A lokacin kasuwar bandar kifi tana tafiya, jirgin ƙasa yana zuwa Nguru yana kwasar kifinmu zuwa kudu, ni kuma na samu kuɗin da ya fi hankalina yawa. Sa'o'ina duk sun sayi a-kori-kura, motar da za ta ɗauki kaya ta ɗauki iyali. Ni na ce ba zan hau abin da kowa ke hawa ba. A Kano na ganta, a gidan wani Balarabe Kwara mai masaƙa da ke shirin komawa ƙasarsu. Launin ƙasa-ƙasa ce, gajera, fitilunta sun firfito waje, ƙugunta ya fi kafaɗarta faɗi, a bayanta ga wani faffaɗan abu kamar wutsiyar kifi. Na buɗe gabanta don in duba inji, na tarar da wurin ajiye jaka. Kwaran ya yi dariya ya zagaya da ni baya, ya nuna min injin, ya ce ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Ya nuna min wani ƙarfe mai siffar katantanwa ya ce shi ne turbo, shi ke hura wa injin ƙarfi. Ban gane komai ba, amma na yi ta gyaɗa kai don kada ya raina ni. Mutumin kirki ne, har ya tambaye ni ko hanyar garinmu tana da kyau. Na ce masa sumul take.

Irin wannan gyaɗa kan na ga kana yi wa mutumin Legas a waya, kana ta "to, to", alhali na san rabin abin da yake faɗa bai shige ka ba. Kabiru, in ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba. Wanda zai raina ka don ka yi tambaya, dama can ba alherinka yake nema ba.

A tarago na ɗoro ta zuwa Nguru. Da aka sauke ta rabin kasuwa ya watse ya zo kallo, yara suka dubi fitilun nan suka sa mata suna Kwaɗo, sunan kuma ya tsallake motar ya manne min. Ka tashi kana jin ana ce min Alhaji Kwaɗo a bayan ido, na san a zatonka saboda idanuna ne. Idanuna ba su da laifi.

Ranar na kama hanyar Gashuwa ina jin babu kamata. Halin motar nan shi ne ka taka totur ta yi kamar ba ta ji ba, sai ka ƙara takawa, can sai katantanwar nan ta farka ta harbe ka gaba ɗaya. Kwaran ya gargaɗe ni, a lokacin ina can ina gyaɗa kai. Kusa da Jajimaji na shiga wata kwana mai yashi, na taka, ta yi shiru, na ƙara, sai kawai na ga bayan motar ya wuce gabanta. Na farfaɗo a tsakiyar geron wani bawan Allah. Da shanun huɗarsa aka jawo ni, na biya ɓarna, na shigo gari da ganyen gero a maƙale a salansa.

Mahaifiyarka Falmata, Allah Ya jiƙanta, tana amarya a lokacin. Ta fito ta zagaya motar, ta leƙa kujerar baya wadda ko akuya ba za ta zauna ta sake ba, ta tambaye ni inda kwalin banda zai shiga, da inda tsohuwarta za ta zauna in za a kai ta asibiti. Sannan ta ce: "Malam, wannan ta hawa ce ko ta kallo?"

Na ji haushin maganar nan ƙwarai. Ga shi yau kai da bakinka ka ce Turawan ma ajiye su suke yi a ɗaki mai sanyi suna gogewa, ba sa fita da su sai jifa-jifa. Ashe ta kallo ce tun farko. Da na amsa mata gaskiya, na tura motar cikin rumfa na lulluɓe ta da tabarma na manta da ita, da yau ba ka nemi gonar kowa ba. Amma girman kai bai bar ni ba. Na rantse sai na mayar da ita motar aiki, don kada a ce na yi asara.

Nan Modu bakanike ya shigo rayuwata, Allah Ya yafe mana ni da shi. Modu bai taɓa ganin abin da ya ce ba zai iya ba. Na ce cikinta yana gogar ƙasa, ya ɗaga ta da sifirin ɗin a-kori-kura, ta koma tafiya tana rangaji. Na ce babu wurin kaya, ya ɗauko zarto ya yanke wutsiyar nan, mai walda ya kafa mata kariyar ɗaukar kaya a sama, na dinga ɗora kwalayen banda. Kujerun fata suna ƙona cinya da rana, na sa aka ciro su na ba wani mai shayi, aka saka min na yadi. Launinta kuma na ce ya yi kama da na tukunya, na sa aka fesa mata kore shar. Duk wannan da kuɗina na biya, ina murna, ina kiran abokai su zo su ga yadda na gyara wa Bajamushe kuskurensa. Shi ya sa in na ji matashi yana cewa ya gano abin da kowa bai gano ba, nake tsorata, don na san muryar.

Ƙarnin kifi ya kama motar har ba mai son in rage masa hanya. Mahaifiyarka, ka san ta da turare, ta ɗauko kaskon turaren wuta ta ɗora wajen agogunan da ke gaban direba, ta rufe ƙofofi don hayaƙi ya ratsa. Kaskon ya ƙona wurin, ya bar wani baƙin da'ira gefen sitiyari ta hannun dama. Ka buɗe wayarka ka ja hoton cikin motar Gambo ka duba. Da'irar tana nan. Su Gambo sun fesa mata jan fenti, sun sa wani ya ƙera mata sabuwar wutsiya, sun yi wa kujeru riga, amma sun manta da kaskon Falmata. Da shi na gane ta tun kallon farko.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Bayan 'yan shekaru katantanwar ta lalace, motar ta koma fitar da hayaƙi kamar ana gasa kifi. Modu ya je Kano ya dawo ya ce sai an aiko da sabuwa daga Jamus, ya faɗi kuɗin da ya sa na zauna. A lokacin kasuwa ta fara ja baya, hannuna babu nauyi. Sai na je wa mahaifiyarka da lallami, na ce ta sayar da gonar fadamarta, wadda ubanta ya bar mata, in gyara mota, in kasuwa ta dawo in saya mata wadda ta fi ta. Gonar nan dai da kake shirin bayarwa, ita. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce min: "Gonar nan ba ta taɓa kai ni cikin geron mutane ba. Ka nemi wani abin ka sayar."

Na yi fushi, na ƙaurace wa abincinta, na kai ƙararta wajen yayanta. Ya saurare ni tsaf, ya ce in dai a kan Kwaɗo ne shi ma yana bayanta. Na dawo gida na ci tuwon da na ƙi, da sanyinsa.

Da gona ta gagara, Modu ya kawo shawara. Ya sauke injin Jamus ɗin, ya samo na wata motar Japan da ta yi hatsari ya cusa a wurin. Shi wannan yana shan ruwa, don haka ya fasa jikin motar ya rataya mata lagireto. Injin asalin kuma ya ce kada a yar, ko babu katantanwa zai ja famfo. Muka ɗora shi a amalanke muka kai gonar fadamar mahaifiyarka, muka haɗa masa bel, ya zama injin ban-ruwa. Rani ɗaya ya yi. Man da ya sha ya fi albasar da muka cire, ƙararsa kuma ta hana maƙwabta sakat, daga bisani ya yi tari ya mutu. Ba wanda ya iya ɗaga shi, sai aka bar shi a nan.

Ka san shi, Kabiru. Ƙarfen nan ne da ke gindin goruba a bakin ruwa, wanda ake ɗaure kwale-kwale a jikinsa, wanda ka sha zama a kai kana cin ɗanyen tumatir. Katantanwar kuwa ita ce abin da Zara ke danne ƙofar akurkin kaji da shi. Kana ta nemo min hotunan turbo a waya, alhali kullum sai ka tsallake shi in za ka kewaya.

Gangar jikin na sayar wa Gambo da buhunan geron da ba su cika amalanke ba, ina godiya ya raba ni da ita. Bayan nan ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, jirgi ya daina zuwa, 'yan kasuwar da suka fi ni ƙarfi suka zauna. Abin da ya riƙe gidan nan shi ne gonar da na so in sayar. Shinkafa da damina, albasa da tattasai da rani. Da ita aka yi sunanka, da ita ka yi makarantar da ta koya maka Turancin da kake ciniki da shi yanzu. Mahaifiyarka ba ta taɓa yi min gori ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce mata ta yi gaskiya ba. Kullum ina cewa sai an samu lokaci, har aka ɗauke ta. Wannan yana cina har yau, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai.

To yanzu ka zauna ka dubi cinikin naka da idon basira. Gambo ba yaro ba ne, ya fi ka sanin kasuwa tun kana cikin zani, kuma 'ya'yansa ma suna da waya irin taka. Da motar ta kai abin da kake zato, shi zai zauna yana jiran ɗan Alhaji Kwaɗo ya zo daga Gashuwa? Da tuni ya kira Legas da kansa. Ya dai ga yaro mai zumuɗi da gona a bakin ruwa, ya sayi gwangwanin fenti. Ko ya san injin yana gonar ko bai sani ba, Allah masani, ba zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba. Amma ka ga yadda abin zai kasance: ka ba shi gona da injin Jamus a cikinta, shi ya ba ka gangar jiki da injin Japan, ka biya tirela ka kai wa mutanen da ka ce lambar inji suke fara dubawa. Ni da na yi wautata aƙalla na hau motar na ji iska.

Kada kuma ka ce to shi ke nan, sai a haɗa injin da jikin a samu dukiya. Na san ka, na san tunanin ya riga ya zo maka. Injin nan ambaliya ta sha rufe shi, tsatsa ta ci shi, ƙudan zuma ma sun taɓa yin gida a ciki. Ban sani ba ko yana da sauran daraja, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba. Abin da za ka yi mai sauƙi ne. In ka isa Nguru, kafin a kira bulama mai unguwa da shaidu, ka ce a buɗe maka bayan motar. In ka ga lagireto, ka san ubanka bai yi maka ƙarya ba. Ka kankare fentin ta ƙasan ƙofa da makulli, za ka tarar da korena. Ka ɗauki hoton wannan, da na ƙunar kasko, ka tura wa mutumin naka na Legas, ka faɗa masa gaskiyar inda injin yake. In ya sake kiranka, ka ji me zai ce. In ya yi shiru, ka samu amsarka ba tare da ka biya ko kuɗin tirela ba.

Ban hana ka Legas ba. In sana'ar tsofaffin motoci kake so, je ka koya, ka zauna ƙarƙashin wanda ya iya, ka ɓata hannunka da baƙin mai, ka san inji da kunne kafin ka san farashinsa. Kuɗin mota da na abinci ni zan ba ka, na riga na yi maganar sayar da ragunana. Injin da katantanwar kuma na ba ka su kyauta, in ka samu mai ɗaga su ka kwashe, sai dai ka samo wa Zara dutse saboda kajinta. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kuma kada ka ji kunyar dawowa gida hannu wofi. Ni na dawo da ganyen gero a salansa, ban mutu ba.

Gonar ce kawai nake roƙonka. Motar nan ta taɓa zuwa neman ta sanye da kore, mahaifiyarka ta kore ta tana tankaɗe. Yanzu ta bari sai da aka binne Falmata, ta sake riga ta dawo ta hannun ɗanta. Ni ne na kawo ta yankin nan, don haka in gonar ta tafi, ni na sayar da ita, ba kai ba. Na tsufa, Kabiru, tafiyata ba ta da nisa, kuma akwai magana ɗaya da nake bin kaina ban faɗa wa uwarka ba. Kada ka ƙara min ta biyu.

Zara ta saka maka banda da yaji a baƙar leda, ka ci kafin ta yi laushi. In ka buɗe bayan motar ka kira ni, ko kana fushi. Ba zan ce "ai na faɗa maka" ba, na yi alkawari, ko da yake ka san zai yi min wuya.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarka, Ya yi maka albarka, Ya ba ka 'ya'yan da suka fi ka jin magana. Allah Ya haskaka kabarin Falmata. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Alhaji Ado, wanda ka san sunan da ake kiransa da shi.